Kantar Marayu

A gyara zama. Mai tari ya haɗiye tarinsa, mai waya ya kife ta a cinya, domin zan gabatar da wadda ba ta nemi a gabatar da ita ba. Ga uwar fis da soket, gimbiyar wayar wuta ja da baƙa, wadda ke gane ƙonanniyar caja ta wari tun mai ita yana tsallaka titi. Ga mai shagon sari na ƙarshen layi, maƙwabciyar mai gyaran agogo, wadda ba ta taɓa zama a aji ba amma malaman aji ke yi mata layi. Kakata ce ta wajen uwa. A bakinta ni ne angonta, ko da yake tunda na zama ango ban taɓa ba da kuɗin cefane ba, kuma rana ba ta faɗuwa ba ta goranta min ba.

Shagon dogo ne siriri kamar maƙogwaro. Daga bakin ƙofa akwai kantar gilashi da ta tsage tun kafin a haife ni, an liƙe ta da baƙin salatif. Bango biyu duk 'yan durowoyi ne har sama, kowace da abin da ke cikinta a manne a goshinta, saboda Kaka ba ta yarda da rubutu ba. Can ƙarshe akwai labule mai kauri, bayansa kuma ɗaki ne marar taga. Za mu shiga ɗakin, amma ba yanzu ba. Ni kaina ba na shigarsa da gaggawa.

Kakana ne ya kafa shagon, yana sayar wa masu gyaran rediyo da talabijin kayan ciki. Da ya rasu kowa ya ɗauka za a sayar. Kaka ta gama takaba, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta hau kujerarsa. Ta ce shekarun da ta yi tana tsince ƙananan ƙarafa daga aljihunsa kafin wanki sun isa makaranta. Ta riƙe wurin har ta aurar da 'ya'ya a cikinsa.

Sai zamani ya juya mata baya. Aka fara ƙera kayan da ba a buɗe su, in sun lalace a jefar a sayi sabo. Masu gyara suka watse ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma tuƙi, wani ya koma sayar da takalma. Durowoyi suka yi ƙura. Na sha tarar da Kaka da rana tsaka tana kashe ƙuda da kwalin fis, kuma da gani ƙudan ma don tausayi yake zuwa.

Wanda ya ceci shagon kawuna ne, autanta. Ana ce masa Injiniya, ko da yake shi ma, kamar ni, a rabin hanya ya sauka daga karatu, abin gado ne a danginmu. Bai taɓa cika wata a wurin aikin kowa ba. Ko ya yi wa maigidan gyara a magana, ko ya kwance injin da ba a ce ya kwance ba. Wata rana ya shigo ya zaro wani koren abu daga aljihun riga, bai fi tafin hannu ba, tsirara, ba murfi ba allo, ya ajiye a kan gilashi.

"Inna, kwamfuta ce."

"Ina sauran ta?"

"Ke nan gaba ɗaya."

"To ita ma rabin hanya ta sauka ke nan. Nawa ake samu a kanta?"

Da ya faɗa mata ribar, sai ta tura masa abinsa da ɗan yatsa. Ribar ba ta sayi kwalin ashana ba. Kawu ya mayar da shi gabanta ya ce ta saro kaɗan kawai, ta zuba ido.

Ga abin da ta gani. Ita 'yar kwamfutar nan jaririya ce, zuwanta ba tsada, renonta ne aiki. Wanda ya saye ta bai isa ya fita ba sai da caja. Ya sayi caja sai katin mimori, don a nan hankalinta yake. Sai wayar da za ta haɗa ta da talabijin. Gobe ya dawo wai tana zafi, a ba shi 'yar fanka. Jibi ya dawo neman gidan roba. Mako mai zuwa ya zo idonsa jawur, yana so ta riƙa kunna masa fitila, ko ta auna zafin ɗaki, ko ta faɗa masa in an taɓa ƙofa, sai ga shi a gaban tsofaffin durowoyin nan yana nuna goshinsu da yatsa. Kayan da suka shekara suna barci aka share musu ƙura. Ɗalibai, malamai, ma'aikatan da suka yi ritaya suka rasa abin yi, har wani mai ɗinki da ya rantse sai kekensa ya yi magana. Wakilin babban kamfanin da ke ba mu sari ya taɓa cewa, yana shan ruwa a kan bencinmu, su ma can sama wannan 'yar tsirarar ce ke biyan rabin albashinsu. Kaka ta ce to Allah ya raya ta.

Tana da wata al'ada. Ba ta miƙa wa mutum 'yar kwamfuta sai ta tambaye shi, "Me za ka sa ta ta yi maka?" Ba gulma ba ce, daga amsar take sanin abin da zai dawo nema. Amma saboda haka ta san aikin kowace ɗaya da ta fita daga shagon, kamar yadda ungozoma ke sanin 'ya'yan unguwa.

Shekaru suka tafi, sai suka fara dawowa. Wani ya bar gari, wani ya yi aure matar ta share ɗaki, wani kuma ya rasu, magada suka tattara wayoyinsa a leda suka kawo ko za a ba su wani abu. Kaka na saye da arha. Dokarta kuwa, komai ya shigo sai an jona shi an gwada. Ta farko da aka kawo ta wani tsohon malami ce da ya rasu. Ana jona ta, sai can aka ji ƙat. Jim kaɗan aka sake jin ƙat. Shi ne ya sa ta buɗe wa furanninsa famfo ta kuma rufe. Babu famfon, babu furannin, babu malamin. Kawu ya miƙa hannu zai zare katin ya goge, Kaka ta doke hannun.

"Aikinta take yi. Kai da ba ka riƙe naka ba, ina ruwanka?"

Haka aka kafa kanta a ɗakin baya. Kaka ta sa mata suna kantar marayu.

Sai na yi muku ɗan karatu, daidai inda nawa ya tsaya. Don a rage tsada, ba a sa wa waɗannan abubuwa batirin agogo ba. In wuta ta ɗauke, lokaci ya tsaya musu cik. In ta dawo sai su ɗora daga inda suka tuna, sai fa in an haɗa su da intanet su tambayi duniya ƙarfe nawa. Kaka kuwa ta hana a haɗa ko ɗaya. Saboda haka kowace marainiya a kantar nan tana cikin ranarta daban. Wata tana bara, wata tana shekarar da aka yi min kaciya. Safiyar wata ita ce la'asar ɗin wata.

Na taɓa shiga ni kaɗai da tsakar rana, ba wuta, ina laluben cajar da zan ara ba da sanin mai ita ba. A waje rana kamar ta fasa kai, a ciki duhu da warin roba mai ɗumi. Sai aka kawo wuta. Ƙananan idanu ja da kore suka buɗe a jere, daga ƙasa har sama. 'Yan fankoki suka fara numfashi. Famfon malam ya ce ƙat. Wata ta kaɗa ƙararrawar tashi daga makarantar da aka rushe. Wata mai kyamara ta ƙyafta min, ta ɗauki hotona ta ajiye wa maigidan da ba zai duba ba. Daga can ƙasa kuma muryar wata mata ta fara rarrashin jariri da waƙa a hanci, a hankali, ba kalmomi, jaririn da yanzu ƙila yana da gemu. Ban gudu ba, ina so a rubuta wannan. Tafiya ce na yi da sauri, labulen ne ya biyo ni da kansa.

A saman kantar, a gefe, akwai ɗaya da ba ta kwana a jone. Ta Kawu ce. Lokacin da likita ya ɗora Kaka a kan maganin hawan jini, tana mantawa da gangan, sai Kawu ya naɗi muryarsa ya haɗa da 'yar sifika, kowace safiya ta tambaye ta. Bayan nan ciwon ƙirji ya kama shi. Ranar da aka tafi da shi asibiti, Kaka ta kashe wutar shagon da hantsi ta bi su. Bai dawo ba.

Da ta sake buɗe shago, ta jona abin, sai ya ɗora daga wancan hantsin. Ga kuma wani hali nasu: ba kowane minti suke rubuta lokaci a kati ba, sai awa ta cika. In aka zare su kafin nan, baya suke komawa. Ban san wa ya faɗa wa Kaka wannan ba, ƙila ita ta lura. Kowace safiya za ta shiga, ta jona, ta tsaya hannunta a kan filogi. Can sai ka ji shi:

"Inna, kin sha maganinki? Kar ki ce min kin manta."

Sai ɗan tari a ƙarshe, da hon ɗin wata mota da ta wuce a ranar da ya yi naɗin.

"Na sha, sarkin surutu," in ji ta. Sai ta zare.

Na taɓa haɗa shi da talabijin a ɓoye, na ga kwanan watan. Yana nan a safiyar da aka tafi da shi, bai kai azahar ba. Na ba mai gyaran agogo labari, ina jiran ya yi dariya. Ya cire gilashin idonsa ya ce agogon da ya tsaya aikinsa ne, amma wanda ake tsarewa da hannu ba ya sa baki.

To, sai 'yar kwamfuta ta yi tsada. Manyan masana'antu suka gano cewa abin wasan yara na iya tuƙa injuna, suka riƙa kwashewa tun daga tushe. Wakilin kamfani ya daina zama a bencinmu, daga kan babur yake magana. Ya ce kaya sun yi ƙaranci, wanda ya biya kuɗin katan guda cur tun kafin ya iso shi za a sa a layi, wanda bai biya ba a cire shi daga masu sari. Kaka ba ta da kuɗin katan a dunƙule, kuɗinta duk suna cikin durowoyi. Kuma da jaririya ta daina zuwa, masu reno suka daina. Ba mai neman caja, ba mai neman fanka. Ƙudan nan na da ya dawo da iyalinsa.

Ana haka sai ga Mai Kaji. Wani dogo ne mai farin takalmi, yana harhaɗa injunan ƙyanƙyasar ƙwai, kowane inji kuma sai da 'yar kwamfuta da za ta lura da zafi. Ya karɓi aikin mutane, ya zagaye gari bai samu ba, wani ya tsegunta masa ɗakin baya. Ya ɗaga labule ya tsaya. Mai kyamara ta ƙyafta masa, matar ta fara waƙarta. Ya ɗan ja da baya, amma ɗan kasuwa ne, ya bi su da yatsa har sama.

"Mama, duka nake so. Zan biya fiye da kuɗin sabuwa."

"Ban da ta saman."

"Da ita lissafina ya cika. In babu ita inji ɗaya zai zauna, mai shi kuma ba zai karɓi uzuri ba. Ko duka ko na haƙura."

"To haƙuri ai ba ya kisa."

Ya bar lambarsa ya tafi. Abin da ya taya ya isa katan har da canji. Ni da nake da ilimin rabin hanya na ga dama ta samu.

"Amarya, ai abin mai sauƙi ne. Kati shi ne rai, koren nan gangar jiki ce kawai. A zare katunan a adana, a ba shi gangar jiki."

"Ka ji bakinka kuwa?"

"Na ji. Da na faɗa ne ya yi muni."

Ta juya min baya. Kwanaki suka wuce tana zaune tana kallon titi. Ran nan wani ɗalibi ya leƙo ya tambaya ko kaya sun zo, ta ce a'a, ya ce to zai gwada sabon shagon bakin kasuwa, an ce su suna cikin layi. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Sai ta ce in kira mata mai farin takalmin.

Ranar da zai zo ɗauka, ta shiga ɗakin baya da hantsi da gwangwanin fis na kakana. Ni ke riƙe fitila. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowace da aikinta. "Ke mai famfo, huta." Ta zare filogi, ta ciro katin da bai fi farce ba, ta naɗe a takarda, ta jefa a gwangwani. Ƙararrawa ta yi shiru. Matar tana tsakiyar waƙa aka yanke ta, kuma wallahi kunnena ya ci gaba da ƙarasa mata. Idanun suka riƙa mutuwa daga ƙasa zuwa sama, har ya rage ta gefe.

Ta jona shi. Kawu ya tambaye ta, ya yi tarinsa, motar ta wuce. A karon nan ba ta amsa ba.

"Ango, je ka duba min shago."

"Ba kowa a shagon."

"To je ka duba ba kowan."

Na fita. Na ji ƙarar murfin gwangwani, na ji an rufe. Ta fito ta miƙa min su gaba ɗaya a kwali, fuskarta kamar ta sayar da fis.

Katan ya iso bayan 'yan makonni. Masu reno suka dawo da jajayen idanunsu, durowoyi suka ci gaba da buɗuwa, wakili ya sauko daga babur har ya nemi ruwa. Shago ya tsira. Amma ɗakin baya ya fi da ban tsoro. Da, in ka shiga, ka san abin da ke kallonka. Yanzu kanta ce wayam, da zanen ƙura murabba'i murabba'i inda kowace ta zauna, filogai na reto. Kaka kuma kowace safiya sai ta je bakin labulen ta tsaya, ta dawo. Maganin ya koma yini a jaka. Na gwada taimako, na maƙe murya na ce, "Inna, kin sha maganinki?" Silifas ɗin ya same ni a kunnen hagu. Tsohuwar da ke cewa ba ta gani sosai.

Wata rana da azahar, shago cike, sai ga Mai Kaji. Farin takalmin ya zama ruwan ƙasa. Ya jira mutane suka ragu, sannan ya ajiye wani ƙulli na buhun dusa a kan gilashi, ya ja baya.

"Mama, ga kayanki."

"Ba na karɓar abin da na sayar."

"Ban ce a dawo min da ko sisi ba. Ki dai riƙe."

Ya ce sauran duk suna aiki lafiya. Wannan ma tana lura da zafi daidai, ba ta taɓa kuskure ba. Amma kowane inji yana da 'yar sifikar da ke kuka in zafi ya wuce ƙa'ida, kuma a wannan injin, kowace safiya, cikin ɗakin da ba kowa sai ƙwai, wani mutum yana tambayar innarsa ko ta sha magani, ya yi tari. Ma'aikatan gonar sun ƙi shiga. Wata mai shara har amsa masa ta fara yi, shi ne mai gonar ya ce a zo a kwashe.

"Ai kati aka bari a ciki," na ce.

"Yarana sun rantse sabo suka sa wa kowace." Ya kalli Kaka. Kaka na gyara zaman cajoji a gilashi. Ya yi sallama a gajarce, bai waiwayo ba.

Na kwance ƙullin na juya abin. Akwai kati a ciki, baƙi, irin wanda muke sayarwa, irin wanda duk garin ke sayarwa, ido ba ya raba shi da ɗan'uwansa. Na miƙa hannu ƙarƙashin kantar gilashi inda gwangwanin yake, sai na tarar da ƙafar Kaka a kan murfin. Ba ta kalle ni ba, ƙafar kuma ba ta motsa ba.

Sai na ɗauke shi na haɗa da talabijin ɗin gwaji. Rubutu ya gangaro, kwanan wata ya fito. Na yau ne. A can gonar sun haɗa shi da intanet, ya tambayi duniya, ta faɗa masa. Safiyar nan da aka tsare shekara da shekaru ta wuce, azahar ɗin ma ta wuce, komai ya wuce.  Ni kuwa in tsoro ya kama ni baki ne ke buɗewa, saboda haka na hau kan benci na ɗaga hannu.

"Jama'ar layi, ku shaida. Ko dai matar nan ta sayar wa mutum kaza ta dawo gida da ƙafarta, kuɗi kuma na hannu, wanda ya sa ta zama shugabar 'yan kasuwar duniya. Ko kuma katin Kawu na cikin gwangwanin nan yana zaune a safiyarsa, wanda ke nufin ban san wa ya je gona ya yi magana ba. Amarya, ki faɗa wa mijinki gaskiya, kin cire ko ba ki cire ba? Kuma ki sani, yanzu ya san ranar da ake ciki."

Ta buɗe jaka, ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta kora da ruwa. Ta goge baki da gefen gyale.

"Shi dama bai taɓa cika wata a wurin aikin kowa ba. Mayar da shi kantarsa, ka sauko min daga benci."